Mutumin Kazaure

Sunansa Lauwali. Hannuna ya iya rubuta sunan, amma bakina bai taɓa faɗarsa ba, domin shi ne ɗana na fari. A gidanmu a Roni uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta yabonsa, in da mutane ko kallonsa ba ta yi. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka na tarar, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai da na manyanta. Ranar da aka yaye shi Goggo Uwa, yayar mahaifinsa, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Kazaure. Tun daga nan in zan ambace shi sai in ce mutumin Kazaure. Shi kuma ya tashi yana ce min Yaya, yadda ya ji ƙannen mijina suna kirana.

Yana da shekara goma sha uku ya zo mana hutun damina. Ya zo da takalman ƙwallo baƙaƙe masu ƙusa a ƙasa, wani malamin makarantarsu ne ya ba shi. Sun yi masa yawa, sai ya cusa tsumma a ciki. Kullum da la'asar sai ya zame daga gonar gyaɗa ya tafi filin bayan gari. Mahaifinsa, Malam Musaddiƙ, mutum ne mai haƙuri, amma ba ya wasa da gona. Rannan ya dawo ya ga kunya huɗu ba a nome ba, ya ce da ni in ya dawo daga masallaci zai jefa takalman nan a murhu.

Yana fita na shiga ɗakin da yaron yake kwana, na ɗauko su, na hau rumbu na tura su can ƙarƙashin dammunan gero. Ina saukowa na gan shi tsaye a bakin zaure yana kallona. Ni kuwa ba yadda zan yi in tsaya in yi masa bayani. Na karkaɗe zanena na wuce madafi. Da Malam ya dawo ya nema bai gani ba, ya yi faɗansa ya gaji ya bari. Yaron ya koma Kazaure ba takalma.

Bayan kaka na saka su a ƙasan buhun gyaɗa na aika wa Goggo Uwa. Ita kuwa da ta ba shi sai ta ce ita ce ta je Roni ta roƙa aka ba ta. Ba mugunta ta yi ba. A wurinta, ta ce uwarsa ce ta ɓoye masa su ta aiko, tona min asiri ne, a ce ga Ikilima can tana rawar jiki a kan ɗan fari. Rufa min ta yi. Ni ma a lokacin na gode mata. Shi dai abin da ya sani, Yaya ta ƙwace, Goggo ta ƙwato.

Daga filin Kazaure wata ƙungiya ta Kano ta ɗauke shi. A baya yake tsayawa, aikinsa ya hana a wuce. Ina jin sunansa a rediyo, in ƙannensa suka ƙara murya sai in tashi kamar zan duba tukunya, in tsaya a inda zan ji. Da aka kira shi ya buga wa ƙasa, mutanen gari suka yi ta shigowa yi wa Malam barka. Malam da kansa ya sauko, har yana cewa ai tun yaron yana ƙarami ya ga alama. Ni aka ce min barka, na ce a kai wa Goggo.

A shekarun nan ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk mako in kai Kazaure. Babbar mai sayena Veronica ce, mutuniyar Filato, tana da kanti kusa da tasha, da talabijin da injin wuta. Ita ɗanta na fari Isaac ne, kuma daga bakin kanti take ƙwala masa kira har a ji a tsallaken titi, ya zo ta dafa kansa a gaban kowa. Wata ranar Asabar na shiga da galan biyu, na tarar maza sun cika gaban kantin.

Ta ce, "Maman Lauwali, kin zo a daidai. Yau ɗanki yana buga wa ƙasa."

Na ce, "Veronica, ki ji tsoron Allah ki daina kirana haka."

"To wa ya haife shi? Ni?"

"Yaron Goggo ne."

"Goggon ce ta yi naƙudar? Ajiye galan ɗin nan ki zauna, ba wanda ya san ki."

Ta sa min kujera a bayan buhunan shinkafa, inda nake hango talabijin ta tsakanin kawunan mutane. Su ashirin da biyu ne a filin, ƙanana kamar tururuwa, amma ban sha wahalar gane shi ba. Tafiyar ubansa gare shi, kafaɗar hagu a sauke. Can aka bugo ƙwallo sama, ya yi tsalle shi da wani dogo, kawunansu suka haɗu. Ya faɗi. Aka kawo fuskarsa kusa, jini yana bin gira yana shiga ido. Aka fitar da shi gefe, aka naɗe kan da farin ƙyalle, sai ga shi ya dawo da gudu. Mazan nan suka miƙe suna kiran sunansa, sunan nan dai, kowa da bakinsa, har da yaran da ba su kai shi ba.

Da aka tashi Veronica ta zagayo, ta dubi cinyata ta ce, "Wannan ƙulin da kika mayar gari, wa zai saya?" Ashe ƙullin da ke hannuna na yi ta murzawa ban sani ba.

Wani daga cikin masu kallon ya tambaye ta wace ce tsohuwar nan da ta zauna tun farko. Kafin ta buɗe baki na ce, "Mai man gyaɗa ce." A hanyar tasha na sa ta yi min alƙawari ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta ce, "Ku dai kun iya wahalar da kanku." Amma ta riƙe. Daga ranar, in akwai wasansa da rana sai ta aiko min cewa mai ya ƙare. A bayan buhunan nan na ga wasansa goma sha ɗaya.

Ya tafi ƙasar Turawa, Beljiyam, ya yi shekara shida. A can gwiwarsa ta dama ta lalace, aka yi aiki sau biyu ba ta koma daidai ba. Ya dawo yana ɗan ɗingishi. Mutane suka ce shi ke nan, ƙwallo ta ƙare. Shi kuwa sai ya sayi usur ya tara yaran Kazaure da na Gwiwa yana koya musu. Daga nan aka ba shi wata ƙungiya a Dutse, ya je ya yi kwas, aka mai da shi Kano ya zama koci a inda ya fara. Cikin shekarun nan Malam ya rasu. Shi ya rushe mana ɗakunan ƙasa ya yi na siminti, ya haƙa rijiya, ya aurar da ƙannensa mata uku, ya biya min Makka.

In ya zo Roni yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ƙafar nan a miƙe, ya ce, "Yaya, ina wuni." In amsa ina kallon bango, in tashi in shiga madafi. Daga can nake jin dariyarsa da ƙannensa. Dambun zogale yake so, shi zan yi, in ce da Zara, autata, ta kai masa ta ce ragowar na rana ne. Wata rana ya shigo ya tarar Zara, da aurenta da 'ya'yanta biyu, ta kwantar da kai a cinyata ina yi mata tsifa, muna gulmar wata maƙwabciya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya ce, "Zara, ke dai kin more." Ta ce, "Kai ma kawo kan, in akwai gashin." Suka yi dariya. Ni na ci gaba da tsifa.

Bara, farkon damina, ina tankaɗe da safe na ji a rediyo an ba shi ƙungiyar ƙasa, ta samarin da ba su kai shekara ashirin ba. Na ajiye rariya na shiga ɗaki na yi raka'a biyu, na fito na ƙarasa tankaɗena.

Bayan kwana biyar ya zo da motoci uku. Da matarsa Bahijja, da mahaifinta Alhaji Jalaluddeen da ƙannen Alhajin biyu daga Babura, da Goggo Uwa wadda a lokacin sai an riƙe ta, kunnenta ma ya yi nauyi. Maƙwabta suka shigo, tsakar gida ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi, surukan suka shigo gaishe ni, na ja mayafi na zauna kusa da Goggo. Sai ya taso. Bai tsaya a bakin ƙofa yadda ya saba ba, ya zo har gabana ya durƙusa.

Ya ce, "Inna."

Bai taɓa kirana haka ba.

Ya ce, "Shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a. Baba kafin ya rasu ya sa min albarka, Goggo kullum tana sa min. Ke ban san ko da yardarki nake yi ba, tun ranar takalman nan. Yanzu an damƙa min 'ya'yan mutane in riƙe. Ina so in ji daga bakinki. Kin yarda?"

Amsar tana nan a maƙogwarona. Amma ga Alhaji Jalaluddeen a gefe da carbinsa, ga ƙannensa, ga matan unguwa da suka san uwata. Na ji fuskata ta ɗauki zafi kamar ina amarya. Na ƙara jan mayafin, na juya wajen Goggo na ɗaga murya yadda za ta ji, na ce, "Goggo, ki ce wa mutuminki abinci yana hucewa."

Aka yi dariya, dariyar jin daɗi. Alhaji ya ce, "Ai Hajiya ta mutanen da ce. Irinsu sun ƙare." Goggo ta dafa kansa ta yi ta sa albarka. Shi ma ya yi dariya, ya dafa bango ya miƙe. Da Zara ta kwaso kwanuka na ga nasa, cokali uku ya ci ko huɗu.

Da suka tafi na je Kazaure na sami Goggo, na ce ta tuna takalman da na aiko mata cikin gyaɗa, ta faɗa masa gaskiyar yadda aka yi. Ta kalle ni ta ce, "Wane takalmi?" Na maimaita. Ta ce ita ba ta sa takalmi mai ƙusa. Daga nan na biya kantin Veronica. Ita ma ta tsufa, Isaac ne yake tsaron kantin, ita tana zaune a ciki. Labari ya riga ni zuwa.

Ta ce, "Kin ba ni haushi, Ikilima. Mutum da furfurarsa ya durƙusa."

Na ce, "A gaban surukai ya tambaye ni."

"To ki sake ni daga alƙawarin nan, ni in faɗa masa. In nuna masa kujerar ma, tana nan."

"A'a. Daga bakina ya ce."

"Bakin naki da shekara hamsin bai buɗe ba?"

Na ce zai buɗe, in mun kasance mu biyu.

Na kwana uku ina juya maganar, rana ta huɗu da hantsi na ce Zara ta kira min shi a waya. Ta zaro ido, ta danna ta miƙo min, ta tsaya a kaina tana murmushi. Ban taɓa kiransa ba. Ya ɗauka, ina jin usur da ihun samari a bayansa.

Ya ce, "Zara, ina fili."

Na ce, "Ba ita ba ce."

Sai na ji hayaniyar tana nisa, ya matsa gefe. Ya ce, "Yaya? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. An yi ruwa a wajenku?"

"An yi jiya. Roni fa?"

"Mun samu shekaranjiya. Gero ya yi kyau."

"Madalla." Ya jira. Ni ma na jira. Zara tana nan tsaye, 'yarta ta shigo tana jan zanenta. Ya ce, "Yaya, akwai magana ne?"

Na ce, "Akwai. Sai ka zo."

"To. Da mun dawo daga gasar nan, in Allah ya yarda."

Na ce Allah ya kai mu, na miƙa wa Zara wayarta.

Kwana goma sha tara bayan nan, ranar Talata da safe, yana tsakiyar fili a sansaninsu, ya busa usur ya ce yaran su huta, ya zauna a kan ciyawa ya dafe ƙirji. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Ba su ma kai ga tafiya gasar ba. Aka kawo shi Kazaure, aka yi masa sutura a gidan Goggo, nan aka zauna makoki.

Masu ta'aziyya wajen Goggo suke zuwa, ita ta raine shi, haka ya kamata. Ni ina daga ƙuryar rumfa ina zuba wa baƙi ruwa. Samarinsa suka zo cikin doguwar mota, duk kaya iri ɗaya, suka durƙusa a gabanta suna kuka kamar ƙananan yara. Wani a cikinsu ya zo wajena ya ce, "Iya, don Allah ina zan sami buta?" Na nuna masa. Ban yi kuka a gidan ba. Sai da na koma Roni na hau duba rumbu, na tarar ba zan iya saukowa ba, na zauna a kan tsani har Zara ta zo ta same ni.

Bahijja a gidan Goggo ta yi takaba. Bayan arba'in na je da rana, na same ta ita kaɗai a ɗaki tana ninke kayansa. Mace ce mai faɗar gaskiya, shi ya sa na zaɓe ta. Muka gaisa, na zauna a bakin gado.

Na ce, "Ranar nan da kuka zo Roni, da kuka koma, me ya ce?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta ce, "Sai da muka sauke su mahaifina tukuna. Da muka rage mu biyu sai ya ce, na yi wauta. Wa yake tambayar Yaya abu a gaban surukai? Zaman Turai ya ɓata ni."

"Ya yi fushi?"

"Da kansa ya yi. Ya ce in sun dawo ba zai je da mota ba, mota tana tara mutane. Zai hau acaɓa daga Kazaure, ranar kasuwa, lokacin da gidan ba kowa, ya same ki ke kaɗai ya sake tambaya. Ranar da kika kira shi kuwa, sau uku yana kirana yana maimaita min. Wai Yaya ta kira ni, ta tambaye ni ko an yi ruwa."

Na ce, "To ya san amsar?"

Ta ce, "Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Bai sani ba. Wata rana ya ce e ce, wata rana ya ce in e ce ai da kin faɗa a wayar. Ya dai ce ko a'a ce yana so ya ji." Sai ta ɗago ta ce, "Wacce ce?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata murhu da rumbu da buhun gyaɗa, da kujerar bayan shinkafa, da wasa goma sha ɗaya, har da wanda aka ba shi jan kati na yi kwana biyu ina jin haushin alƙalin. Na ce ban taɓa ƙin abin nan ba ko na yini ɗaya. Maganar ta yi ta fita ba wuya, har na yi mamaki. Duka ba ta kai a dafa shayi ba.

Bahijja ta rufe fuska da rigarsa. Da ta ɗago ta ce, "Da kin faɗa masa a wayar."

Na ce, "Da na faɗa."

Yanzu shekara guda ke nan da wata biyu. An ba wani ƙungiyar, na ji sunansa a rediyo ban riƙe ba. Goggo ta bi mutumin Kazaure lahira bayan Sallah. Ranar kasuwa gidanmu yakan watse tun hantsi, matan su tafi da yaransu, Zara takan leƙo ta ce in zo mu je ko don in miƙe ƙafa. Nakan ce ta je, ina da aiki. In sun fita sai in share tsakar gida, in shimfiɗa tabarma a inuwa, in zauna. Na san inda yake, na san ba a dawowa. Amma titin Kazaure ta bayan katangarmu ya bi, 'yan acaɓa suna wucewa har la'asar, kuma in wani ya rage gudu a kusa da ƙofa, nakan sauke mayafina daga fuska in gyara zama.